Kujerar Ƙarshe Ta Jirgin Kano

A tashar Kankia suka fara haɗuwa. Lailatu ta fito daga asibiti riƙe da kakarta Inno, kujerar gaba kuma Zainul Abidin ya riga ya biya. Ya dubi tsohuwar, ya dubi jikar, ya koma baya. Kafin motar ta kai ƙauyensu Kaikai ya samu lambarta.

Ɗan Yashe ne, amma a Legas yake aiki, abin da Malam Bube, mahaifin Lailatu, ya tsana ke nan. Sau biyu ana sa ranar da manyansa za su zo neman aure, aiki na hana shi tahowa. Ga Kamalu mai shagon taki kullum a zaure, shi ma yana neman ta. Inno kuwa jiki sai ƙara lalacewa yake, burinta ɗaya ta shafa wa Lailatu lalle da hannunta.

Malam Bube ya ce su zo Juma'a bayan la'asar, daga ita babu wata.

Zainul Abidin ya yanki tikitin jirgin Katsina, Baffansa Labaran zai tarbe shi can da goro a mota. Da hantsi aka soke jirgin. Ma'aikaciya ta ce akwai na Kano, sai dai ya cika, ya tsaya a gefe ko wani zai fasa. Awa uku yana tsaye yana fatan wani bawan Allah ya makara. Aka kira sunansa a kujerar ƙarshe.

Ya rubuta mata: "Sanyin idona, ta Kano zan sauka. Ki ce wa Inno ta kwaɓa lalle."

Ta amsa: "Allah Ya kawo min kai lafiya, Zain ɗina. Ka gaya wa Baffa?"

Ya kira Baffa, waya a kashe. Haka tsohon yake, in ya kashe ta don sallar Juma'a sai ya manta da ita a aljihu. Yana can Katsina yana kallon sama har magariba.

Zainul Abidin ya iso Kaikai ana idar da la'asar, shi kaɗai, ba babba ba goro. Ya durƙusa zai yi bayani, Malam Bube ya ɗaga mishi hannu.

"Yaro ba shi neman ɗiya da bakinai. Ko ba ka da kowa ne?"

Washegari Baffa Labaran ya zo ba da haƙuri, aka ce sai bayan kaka. Lailatu ta yi kuka har ta gode Allah, ta kuma sallami Kamalu da kanta. Inno ba ta ga kaka ba, ana tsakiyar damina ta rasu.

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure, ranar ma sai da aka jira ango. Malam Bube ya sa albarka, ya kasa haɗa ido da ɗiyarsa.

Da aka watse, ango ya kama hannunta yana yaba jan lallen. Ta ce Inno ce ta daka shi tun waccan Juma'ar, ta ƙulle a tsumma ta ajiye.

"Ina son ka, Zain. Amma yau ma ka makara."

Suka ɗaga hannu tare suka yi wa Inno addu'a, sannan suka roƙa wa kansu zaman lafiya.