Rediyon da Ba Shi da Murfin Baya

A taƙaice, ga yadda al'amarin ya kasance: wata malamar jinya ta kai rediyon marigayi mahaifinta gyara, aiki ya ƙi ƙarewa, daga bisani aka ɗaura aure. Bayani na biye.

Mai gyaran saurayi ne da ke kwana shi kaɗai a ɗakin bayan shagonsa. Abokan hirarsa rediyoyi ne da masu su suka manta da su, yawancinsu kuma ba sa magana. Ranar da ta shigo rungume da akwatin katako, sai da ya ƙone yatsa da dalma kafin ya amsa sallamarta.

Rediyon tsoho ne mai bawul, wato kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila. Sunan kamfanin ya goge, murfin baya kuma babu shi. Ya bayyana mata cewa a jikin murfin ake buga lambar rediyo, a manna zanen wayoyin cikinsa, kuma in babu zanen, gyara lalube ne. Ta ce ba ta san inda murfin yake ba.

Sai ya shiga bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana zanawa da hannu. Ita kuwa kullum ta tashi aiki sai ta biyo don duba ci gaban da aka samu, wanda babu shi.

Ta rubuto masa: "Injiniya, mara lafiyarka ya farfaɗo?"

Ya mayar: "Tukuna, Likitata. Mai jinyarsa ma ya fi shi jin jiki."

Da maganar aurensu ta isa gida, mahaifiyarta ta ce a'a. Ta yi zaman aure da mutumin da kunnensa ke manne da wannan akwati, ita tana hira da bango, ba za ta ba 'yarta wani irinsa ba. Ta fi son mai sayar da wayoyin salula na kan kwana, wanda ya yi tayin kwashe kayan cikin rediyon ya zuba na zamani. Ta ƙara da cewa mai gyaran jan aiki yake yi don ya riƙa ganin yarinyar.

Zargin ya yi masa ciwo. Ya rubuta wa yarinyar: "Zan dawo muku da shi. Ba na so a ce da dabara na riƙe ki." Ba ta amsa ba, ba ta kuma biyo ba. Shagon ya koma yadda yake a da, sai dai yanzu ya san bambancin.

Ya ɗauki rediyon ya kai. Ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya ce rashin murfin baya ne ya tsayar da shi. Ta daɗe tana kallon hoton marigayin da ke bango. Ashe da murfin rediyon ta yi wa hoton baya, kuma 'yarta ce ta riƙe mata ƙusa.

"Ke, fito nan," ta ce wa 'yarta. "A tsakaninku, wa ke jan aiki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce da ta kai murfin, da tuni an gama, da ta koma tashi daga asibiti zuwa gidan da ba a magana tun rasuwar Baba. Uwar ta miƙe. Ta sauke hoton da kanta.

Lamba ta fito, zane ya fito, gyara ya zo da sauƙi. Da aka kunna, shiru. Yarinyar ta tsorata.

"Ku bar shi ya yi ɗumi," in ji tsohuwar. "Haka yake, kamar mai shi."

Bawul ya yi ja, akwatin ya yi gurnani, murya ta fito. Tsohuwar ta shige ɗaki ta jima. Da ta fito, ta ce masa ya turo manyansa, ta sa musu albarka.

Abin da aikin ya ci: bawul biyu, waya kamu ɗaya, yatsa ɗaya da ya ƙone, sai bayan hoton marigayi, wanda yanzu kwali ne. Rediyon yana wurin surukar. Su biyun kan biyo da yamma, wai duba aiki. Allah ya ba su zaman lafiya.