Bashin Baba Lasisi da Bikin Bara'atu

A shekarar da soja suka koma bariki, Mastura da mijinta Ɗayyabu suna haya a wani ɗaki ɗaya a Agege, dab da layin dogo. In jirgin ƙasa ya wuce har kwanukan jerenta sai sun yi rawa. Talauci kam akwai shi, amma wanda duk ya zauna gidan nan a lokacin har yau yana kewarsa — ƙamshin burodi da safe, 'yan goro suna sauke huhu, maƙwabta ana ta gaisawa da Hausa da Yarbanci.

Wata Asabar da hantsi Mastura tana laluben aljihun rigar aikin mijinta za ta wanke, sai ga wata takarda mai ɗauke da sa hannunsa. Ta karanta sau biyu, ta zauna daɓas a bakin gado.

"Yallaɓai, wane ne Baba Lasisi?"

Ɗayyabu, wanda ke gadi a wani kamfanin roba a Ikeja, ya ajiye kofin shayi, ya kasa ɗaga kai.

"Wani tsoho ne da ke zama bakin get ɗinmu ranar biya. Yana ba da rance zuwa ƙarshen wata."

"Na ga dubu sha ɗaya! Me ka yi da su?"

"Bakwai na karɓa, sauran ruwa ne. Ragon sunan ɗanmu Hamidu... Na ji Innarki tana cewa kada a kawo mata ɗan akuya a ce rago. Na ɗauka wata ɗaya zan biya, ga shi wata huɗu kenan kullum ƙaruwa yake. In ban biya ran Litinin ta sama ba, zai kai takardar nan wa kashiya, a dinga yanke rabin albashina tun daga ofis har ya gama ƙoshi. Sori, Mastura. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

Ta yi kuka, ba don kuɗin kaɗai ba. Ta tuna yadda ta yi ta yanga da ragon nan, tana cika baki a gaban ƙawaye, ashe mijinta wuyansa ya miƙa aka ɗaure. Rabin albashi kuwa ko haya da garin kwaki ba zai ishe su ba.

To, a satin ne kwasar adashinta ta zo, dubu sha biyu cif. Sai dai kuɗin nan tuni suna da mai su. Aminiyarta Bara'atu za ta yi aure, ita kuwa dubu biyar ta kawo mata ranar suna. Al'adar biki sananniya ce: abin da ƙawa ta kawo miki, ninkawa za ki yi ranar nata, a kuma faɗa da ƙarfi a gaban mata.

Da Inna Baiwa, mahaifiyarta, ta ji tana shirin biyan bashin da kuɗin adashin, ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗo ɗakin.

"Kuɗin bikin za ki kwashe ki kai wa mai cin ruwa? Ke ko kunya ba kya tsoro? Shekara talatin ina Agege ba a taɓa kiran sunana hannu rabbana ba!"

"Inna, in aka fara yankar albashin nan me za mu ci?"

"Shi da ya ciyo ya biya! Ɗauko yaronki mu tafi gida, in ya warware ya zo biko."

"Inna, ragon da kika yi ta yabo ne fa..."

"Ni na ce ya ci bashi?"

Ɗayyabu dai yana tsugune bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Da tsohuwa ta fice tana sababi, ya ce a hankali, "Ki biya bikinki. Ni namiji ne, zan jure."

"Ka jure, ni da Hamidu mu ci me? Tashi ka sa takalmi."

Ranar Litinin suka hau danfo, motar hayar Legas, tare. Mastura ta ƙirga wa Baba Lasisi dubu sha ɗaya a kan teburinsa. Tsohon ya yi murmushi, ya ce ai Madam ta ba da ruwan kawai, uwar kuɗin ba sauri ake ba.

"Baba, na gode. Ba mu takardarmu ta asali, ka kuma rubuta an biya."

Ya yi ta jan ƙafa, ita kuwa ta ƙi gusawa har ya zaro ta daga jakarsa. Daga nan ta zarce gidan su Bara'atu, ta zayyana mata komai tana hawaye. Bara'atu ta kalli lallen hannunta, ta ce, "To, na ji." Iyakar abin da ta faɗa kenan. Mastura ta dawo gida da tabbacin ta yi asarar ƙawar ƙuruciya.

Duk da haka ba ta ɓuya ba. Ranar biki ita ce a bakin murhu tun safe, ta soya waina har idonta ya yi ja. Da la'asar mata suka cika tsakar gida, Lami mai sanarwa ta miƙe da faranti tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ana rangaɗa guɗa. Inna Baiwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Mastura ta raɓe bayan tukwane tana jiran a tsallake ta a fara zunɗe.

"Mastura matar Ɗayyabu, babbar aminiya — dubu goma, an ninka!"

Guɗa ta tashi. Ludayi ya suɓuce daga hannunta. Ta kutsa ɗakin amarya a guje.

"Bara'atu! Wa ya sa kuɗin nan?"

"Ke, rage murya! Kuɗin akwatina ne na ba Lami." Ta kamo hannunta. "Kin manta shekarar da muka daina zuwa makaranta ni da ƙannena? Albashin babanmu aka yanka a kan irin takardar nan, shekara biyu. Da kin kawo min kuɗin nan kin bar wancan, wallahi da na yi fushi da ke. Nawa bashin ba ya haihuwa, ki biya a hankali."

Suka rungume juna suna kuka, kwalliyar amarya duk ta ɓaci.

Ƙarshen wata Ɗayyabu ya shigo da burodi mai zafi a hammata, ya ajiye ambulan ɗin albashi a cinyar matarsa, ko buɗewa bai yi ba. Inna Baiwa na zaune tana wasa da jikanta. Ta kalli ambulan, ta yi gyaran murya.

"Ɗayyabu, in an sake haihuwa, ko ɗan tunkiya ka samu ya isa."

Wata biyar Mastura ta yi tana kai wa Bara'atu dubu bibiyu har ta cika. Yau jikoki gare su, amma in suka haɗu sai sun tayar da hirar nan su yi ta dariya.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: kada ku ci bashin ruwa don a yabe ku, kada kuma miji ya ɓoye wa matarsa damuwarsa. In bashi ya taru muku, ku fara kashe wanda ke ƙaruwa kullum. Masoyi na gaskiya zai jira ku, mai ruwa kuwa ko kwana ɗaya ba ya yafewa.