Mai Yankan Mabiya

Ranar da Ɗayyabu ya fara ganin Khadijat, roba ce mai jini a hannunta. Ya je asibiti karɓar mabiyar ƙanwarsa Lami domin a binne, mijinta ba ya gari. Hawan jini ya kama Lami da tsohon ciki, ƙafafu suka kumbura, har ta yi jijjiga. Da ƙyar aka ciro jaririn.

"Malam, Lami ta yarda in yanki kaɗan," in ji Khadijat, mai bincike a asibitin. "Muna auna kitsen jinin masu irin ciwonta, mu ga me ya sami mabiyar. Duba nan, inda ya yi fari."

Ya leƙa. Ƙarni ya buge shi, ya fita ya yi amai a kwata. Da ya dawo dariya take yi.

"Ƙato da kai!"

Duk da haka sai da ya karɓi lambarta. Ya rubuta mata: "Dijata, kwana uku na kasa cin nama, na kuma kasa daina tunaninki."

Ta amsa: "Sarkin amai, sha kunu. Ni ma ina tunaninka."

Wata biyar suna haka. Sai Hafsat, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana sonsa, ta kai magana unguwar Shahuci, wurin mahaifiyar tasa, Hajiya 'Yardada.

"Inna, wadda yake so fa mabiyoyin mutane take jiƙawa a kwalba."

Hajiya 'Yardada ta tofar da yawu.

"Tir! Abin da ake wankewa a rufa masa asiri a ƙasa? Har ta jikana aka gutsura? Ɗayyabu, ba za ta shigo mini gida ba."

Ya rubuta: "Dijata, Inna ta ƙi." Mako guda ba amsa. Ya rame.

Ranar Talata da hantsi Khadijat ta yi sallama a gidan Hajiya, ta durƙusa, ta ajiye ɗan ƙulli a farin ƙyalle. Warin magani ya cika tsakar gida. Hajiya ta toshe hanci da mayafi.

"Inna, ragowar ta jikanki ce. Na gama dubawa. Ban taɓa jefa ta kowa a shara ba."

"Me kika gani a ƙazantar?"

"Hanyoyin jininta sun tsuke, kitse ya taru a jikinsu. Jini bai isa ga yaron sosai ba, shi ya sa ya zo ƙarami."

Hajiya ta sauke mayafin daga hancinta.

"'Yata ta fari, Rukayya, haka ta kumbura da tsohon ciki ta tafi. Aka ce iska ce. Hayaƙi muka yi ta yi mata."

Ta sa Ɗayyabu ya tona rami a bayan ɗaki, inda aka binne mabiyar tun farko. Ya tona yana kawar da kai. Khadijat ta sa ƙullin da hannunta, ta mayar da ƙasa.

"Har yanzu aikin nan naki ƙyama nake yi," in ji Hajiya. "Amma kar ki daina. Kai kuma Ɗayyabu, ka ce wa kawunka Audu ya je gidansu neman aure."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Ƙofar Dawanau. Hafsat ba ta zo ba. Da aka kawo amarya, Hajiya ta dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. In kin sami ciki, a gwada jininki tun da wuri. Ni zan raka ki."