Tikitin Siena a Ranar Tumatir

"Jirgin ƙasa? Yau? To wa zai juya mini injin markaɗe, limamin coci?"

"Mama, yau fa shekara goma cif da aurenmu. Kwana biyu kacal za mu yi a birnin Siena..."

"Siena guduwa za ta yi? Shekara ɗari nawa tana tsaye a inda take! Tumatir ne ba ya jiran kowa!"

Mama ke nan da Yaya Gaetano, da sassafe a tsakar gida. Ni kuwa Nunzia, autar gidan, ina wanke kwalabe ina kwashe kowace kalma, don in kwaikwaya wa ƙawayena da yamma.

Laifin Yaya ɗaya ne: ya yi aure a ƙarshen Agusta, daidai lokacin da kowane gida ke dafa tumatirin shekara a ɗura a kwalabe. Sau tara ranar aurensu na zagayowa, sau tara matarsa, Anti Ornella, na yin ta a gindin tukunya, hannu jajawur. Bana ce ya yi ta maza ya sayo tikiti. Jirgi ƙarfe goma. Tun bakwai Anti ta sa shuɗiyar rigarta sabuwa, ta ajiye jaka a bakin ƙofa.

Mama ta dafe ƙirji. "Ku tafi abinku! In kun dawo kun tarar na faɗa tukunya, sai ku ɗura ni a kwalba ku rufe."

Yaya ya kalli tikiti, ya kalli Mama, sai ga shi yana naɗe hannun riga. Anti ta sunkuya. Ta cire takalmi, ta ɗaura rigar girki a kan sabuwar rigar, ta yi murmushi hawaye na gangaro mata.

"Ba komai, Gaetano. Badi ma je."

Wannan badin ne ya tsikare ni. Ban san sanda na turo ciki gaba ba, na sosa ƙeya, na yi irin gyaran muryar marigayi Babanmu in zai kira Mama da sunanta:

"Badi, Immacolata, badi! Siena guduwa za ta yi? Miƙo mini mazurari!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Mama. Shekara talatin da ɗaya Baba yana yi mata wannan alkawari, har muka binne shi bara waccan. Na runtse ido ina jiran mari.

Ba mari. Mama ta zauna daɓas a kan kwando.

"Har takalmi na saya," in ji ta a hankali. "Yana ƙarƙashin gado, ko kwalinsa ban yar ba."

Sai ta miƙe zumbur, ta kwance wa Anti rigar girkin da hannunta, ta share mata fuska.

"Ke kuma 'yata, wannan haƙuri naki har haushi yake ba ni! Shekara tara ba za ki buɗe baki ba? Kai kuma ɗan ubansa, sauke hannun rigar nan kafin in sauke maka!"

Saura minti huɗu muka isa tasha, Mama na cusa musu burodi da cuku kamar masu zuwa yaƙi. Ta tagar jirgin na hango Yaya ya riƙe hannun Anti gam, yana ba ta haƙuri, ita kuwa tana dariya tana kuka. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba: ya samo mata Siena, ya samo mata uwa. Amma 'yan'uwana, mai haƙuri ma mutum ne. Kada a bar shi yana jiran badi har ƙasa ta rufe ido.

Da jirgin ya ɓace, na rungumo kafaɗar Mama.

"Mama, sati mai zuwa ni da ke. Ki ciro takalmin nan."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni? In shiga jirgin da ban san uwar direbansa ba?"