Fasinjan da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Wani manomi daga Tarai ne ya kawo rahoton da hantsi: ga gawar wani dattijo a gindin ɗorawa, gefen hanyar Rano zuwa Kibiya, kuma ba wanda ya san shi.

Sufeto Abdulganiyyu ya isa wurin da kofur ɗaya. An kwantar da mamacin a gefen dama yana fuskantar alƙibla, an rufe masa fuska da hularsa. Wanda ya yar da shi ya san haƙƙin mamaci, bai dai cika ba. Damina ta kankama, ko'ina taɓo ne, amma tafin takalmin dattijon fes yake. Ba da ƙafarsa ya zo nan ba.

A gefensa akwai jakar tafiya a cike tam. Sufeto ya zuge ta. Tsummokara ne da totuwar masara.

Ya daɗe yana kallon fuskar. Ya san ta, ya kasa tuna a ina.

A asibiti likita ya ce ba rauni ko ɗaya, zuciya ce ta tsaya. "Amma ba za mu iya ajiye shi ba, Sufeto. In la'asar ta yi ba a ga dangi ba, sai a binne shi haka, ba suna."

Mota ce ta kawo shi, don haka Sufeto ya nufi tashar Bakin Rimi a Rano, inda motocin Kibiya ke lodi. Shugaban tashar, Alhaji Ishiyaku, ya tare shi da fara'a. A bangon ofishinsa an manna zanen sabuwar tashar da za a haɗe ƙananan tashoshi a cikinta, ɓangaren kaya daban, na fasinja daban, da rumfar mata. Kowa ya san shi ake sa ran zai riƙe ta.

Sufeto ya miƙa masa hoton gawar.

"Ban san shi ba, yallaɓai."

"Ba ka duba ba, Alhaji."

Alhaji ya dubi gefen hoton. "Ban san shi ba. Allah ya ji ƙan Musulmi."

'Yan kamasho da direbobi ma haka. Kowa ya girgiza kai tun hoton bai iso hannunsa ba.

Sufeto ya koma rumfar Uwa mai abinci, ya sa aka zuba masa shinkafa da wake, ya zauna yana kallon bas ɗin da ke kan layi. Ɗan kamasho na ta kiran saura mutum biyu. Wata mata ta leƙa, ta ga mota ta kusa cika, ta shiga. Nan take wani tsoho ya sauko daga baya, rungume da jaka, ya ce zai yi alwala. Bai nufi famfo ba. Ya zagaya ya shige motar da ke biye.

Cokalin ya tsaya a hannun Sufeto. A tashar nan ya san fuskar mamacin. Sun taɓa zama kafaɗa da kafaɗa a wannan tasha, suka yi hirar tsadar taki, sannan dattijon ya sauka yin alwala bai dawo ba. A ranar, dariya kawai Sufeto ya yi.

"Uwa, waɗannan fa?"

"'Yan zama muke ce musu." Ba ta ɗago daga tukunya ba. "Fasinja ba ya shiga motar da ba kowa."

"Ba an daina ba?"

"Ai kana wurin aka daina, yallaɓai."

Yana wurin kuwa. Bayan an ƙaddamar da Shari'a malamai suka ce wannan ha'inci ne, Alhaji Ishiyaku ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya ce an bar shi a tasharsa. Sufeto na layin gaba, ya sha lemo, ya yi tafi. Tun daga nan ya sha shiga waɗannan motoci, bai taɓa cewa uffan ba.

Ya ajiye hoton a kan bencinta. Uwa ta duba sosai, ta goge hannu da zaninta.

"Datti ne. Tsohon direba ne, ido ya hana shi tuƙi. Jiya kwanonsa ya kwana a nan. Na ga shigarsa motar Ɗanmalam, ban ga fitarsa ba."

Ɗanmalam yana bayan tasha yana wanke bas, ya ciro kujerar baya ya shanya a rana.

"Ba kai ne na biyu a layi ba yau?"

"Na bar wa wani. Manja ne ya zube a kujera, yallaɓai."

Sufeto ya shafa kujerar, ya shinshina yatsunsa. "Manjan naka ba ya da launi. Ka san wanda ya ga gawar nan ya ce an kwantar da ita tana kallon alƙibla? Aikin ɗan gidan malamai ne."

Direban ya zauna a kan bokiti. "Ni ban kashe shi ba. Da mota ta rage mutum ɗaya aka kira shi ya sauko, bai motsa ba. Na taɓa shi, na ji sanyi. Na je na faɗa wa Alhaji a kunne. Ya ce in ce barci yake, an biya masa. Haka na ja mota da shi, wani yana ta mita wai tsoho ya danne masa kafaɗa. Da na sauke kowa a Kibiya, a dawowa na ajiye shi."

Da Sufeto ya koma ofis da Ɗanmalam a bayansa, Alhaji Ishiyaku bai yi musu ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Datti ya leƙo ta taga ya ce mini ƙirjinsa na ciwo, zai sauka. Na ce Baba yi haƙuri, ga mata can tafe, in suka ga gurbi za su wuce wata tashar. Ya ce to."

"Da ya mutu fa?"

"Da an fito da shi a nan, jakar za a buɗe. Garin nan gaba ɗaya ya ga hannuna a kan Alƙur'ani. Shi ya koya mini tuƙi, yallaɓai. Ina yaron motarsa, a gidansa nake kwana. Ni a ganina taimakonsa nake da na ba shi zaman nan."

Sufeto ya tura kofur asibiti a kan babur, ya ce a faɗa wa likita mamacin sunansa Datti, kada a taɓa shi, danginsa na zuwa. Sannan ya ce wa Alhaji ya tashi.

"A bi da ni ta baya, don Allah."

"Babu ta baya, Alhaji. Kai ka sa aka toshe ta."

Suka ratsa tsakiyar tasha. 'Yan kamasho sun daina kira. Sufeto da kansa ƙasa yake kallo.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ta tare su, ta dogara sanda, ta yi lulluɓi da zani.

"Ishiyaku."

"Inna Jummai." Ya rusuna tun kafin ya sani.

"Ka aiko mini jiya wai ka tura maigidana Kano da saƙo. To ka san ba ya gani da yamma, kuma maganinsa na gida." Ta kunce bakin zaninta ta ciro ƙullin ƙwayoyi. "Ungo, ka ba wa motar da za ta fara tashi."

Alhaji Ishiyaku bai miƙa hannu ba. Ya durƙushe a taɓo gabanta, ya rufe fuska da babbar rigarsa.

Tsohuwar ta juyo ga mai kaki. "Ɗan nan, me ya same shi?"

Sufeto Abdulganiyyu ya yi wa wani ɗan sanda alama ya wuce da mutanen biyu. Shi kuma ya cire hularsa, ya jawo benci.

"Zauna tukuna, Inna," in ji shi.