Fa'izu da Tukunyar Iskar Kawu

Ranar da Kawu Tanimun ya sauka daga motar Konni, yaran unguwa suka biyo shi har gida. Abin da ya saɓo a kafaɗa ne ya ja su. Wata doguwar tukunyar ƙarfe ce, ruwan ɗorawa, da tiyo a kanta.

Kawu ƙanen Inna ne, mahaifiyar Fa'izu. Ya daɗe a Bur Sudan, can bakin Bahar Maliya, yana aikin nutso. Shi ke shiga da baƙi ƙarƙashin teku, ya nuna musu duwatsun murjani.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma, Kawu ya soma ba da labari.

"Can ƙasan teku akwai lambu," in ji shi. "Duwatsu masu rassa kamar icce, ja da fari da shuɗi. Kifaye na yawo tsakaninsu, wani da zane kamar atamfar Innarka."

"To da mi kake numfashi, Kawu?" in ji Fa'izu.

Kawu ya dafa tukunyar. "Da wagga. Iska ta a ciki. Gobe in ka taso lakwal, mu tai baraji in koya maka."

"To!" in ji Fa'izu da ƙarfi, don yara na kallonsa.

Fa'izu kam akwai baki. A kan tudu ba wanda ya kai shi jarumta. Amma ko ruwan wanka ne ya shiga hancinsa, sai maƙwabta sun ji.

Washegari a hanyar lakwal, wato makaranta, abokinsa Yakuba ya ja shi gefe.

"Kai, ka dubi tukunyag ga da kyau? Na ga irinta wurin mai shayi a tasha. Gas na!"

"Kawu ya ce iska ta."

"Iska? Wa ka taɓa gani ya ɗaure iska cikin ƙarfe? In ka shaƙi gas, sai dai a ɗauko ka."

Fa'izu ya soma tunani. Me ya sa Kawu ke ajiye tukunyar a inuwa? Me ya sa ya hana kowa taɓa ta? Me ya sa yake yawan duban wani ɗan agogo da ke jikin tiyon? Duk abin da ya tuna, sai ya ga ya yi daidai da maganar Yakuba. Tambayar Kawu kuwa, kunya ta hana shi. Ai ya riga ya ce "to" a gaban yara.

Da la'asar suka je baraji, babbar madatsar da ke shayar da lambunan albasa na garin. Kawu ya tsayar da shi inda ruwa ya kai masa ƙirji. Ya ɗaura masa gilashin fuska, ya sa masa bakin tiyo tsakanin haƙora.

"Sunkuya a hankali," in ji Kawu. "Ka ja numfashi ta baki. Ina riƙe da kai."

Fa'izu ya sunkuya, amma ya ƙi jan ko kaɗan. Ya riƙe numfashinsa har idanunsa suka yi jawur. Sai ga shi ya taso yana tari, yana kaɗa hannuwa.

"Mi ya faru?"

"Ba komi, Kawu. Cikina ka ciwo."

Kawu ya dube shi. "To, ba a yi wa ruwa gaggawa. Mu bari sai wata rana."

Ranar kasuwa, Inna da Kawu suka fita, gida ya rage sai Fa'izu da kaji. Tukunyar na jingine a zaure, an cire mata tiyo. Fa'izu ya ce a ransa, gani ya kori ji. Zai buɗe kaɗan ya sansana. In gas ne, hanci ba zai ɓoye masa ba.

Ya kama marfin ya murɗa.

Wata ƙara ta tashi, fuuuuu! Kaji suka watse suna kyarkyara. Jarumin namu ya kwasa da gudu, ya ɓuya bayan rumbu, ya toshe kunnuwa. Yana jiran gida ya tashi sama.

Gida bai tashi ba. Da ya gaji da jira, ya rarrafo, ya murɗa marfin ya rufe. Ya sansana nan, ya sansana can. Ba wari ko kaɗan. Iska ce zalla, mai sanyi.

Kunya ta rufe shi. Ya lulluɓe tukunyar da buhu, ya lallashi kansa. "Iska ai ba ta ƙarewa," in ji shi. "Ga ta nan cike da duniya."

Bayan kwana biyu, da safe, Inna ta dawo daga lambu hankalinta a tashe. Ƙofar baraji ta ƙi buɗuwa. Wani gungumen icce ya maƙale a bakinta, can ƙasan ruwa. Magudanar da ke kai ruwa lambuna ta bushe ƙayau. Albasar Inna kuwa sabon dashe ce, ba ta jure ƙishi. Da ita gidan ke ci har damina.

"Kwantar da hankalinki, Yaya," in ji Kawu. "Aikina na wanga."

Ya ɗaura tiyo, ya dubi ɗan agogon. Sai fuskarsa ta canza. Allurar ta sauka har kusa da jan layi.

"Wa ya taɓa tukunyag ga?"

Fa'izu ya dubi yatsun ƙafarsa.

Inna ta tafa hannu. "Yakuba na! Na gan shi yana leƙe ta katanga. Yaron ga ba shi jin magana. Bari in tai wurin ubanai yanzu!"

Ta jawo mayafi. Fa'izu ya san uban Yakuba, ya kuma san bulalarsa. Sai da Inna ta kai bakin ƙofa sannan murya ta fito masa.

"Inna, tsaya. Ba Yakuba ba na. Ni na."

Ya faɗi komai, yana kuka. Ya faɗi zancen gas, da ƙaryar ciwon ciki, da gudunsa bayan rumbu.

"Kai yanzu ka zaci ɗan'uwana zai shaƙa maka guba?" in ji Inna. Ranta ya ɓaci sosai.

Kawu bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi wa Fa'izu zafi.

"Da ka tambaye ni, da na shaƙa a gabanka ka gani," in ji shi. "Iskar cikin nan injin musamman ka ɗura ta, kuma babu shi a nan. Abin da ya rage ba zai kai ni ga iccen ba. Mai nutso ba shi caca da numfashinai."

Ranar aka ɗora tukunyar a motar Yamai, inda wani abokin Kawu zai cika ta. Sai dai albasa ba ta san jira ba.

"Wanda ya zubar da iska, shi zai ɗebo ruwa," in ji Inna.

Haka kuwa aka yi. Kullum da sassafe, da kuma bayan lakwal, Fa'izu na jigila da jarka daga baraji zuwa lambu. Kafaɗunsa suka yi tsami, tafin hannunsa ya yi kanta. Yakuba ya ji labari, ya zo da tasa jarkar.

"Ni ma da laifina," in ji shi. "Na faɗi abin da ban sani ba."

Duk da haka, fangalin albasar da ke can ƙarshe ya yi yaushi, ya kwanta. Inna ta tsaya a kansa tana kallo. Fa'izu ya ji kamar ya nutse cikin ƙasa. Sauran fangalan ma sun soma sunkuyar da kai.

Ana cikin haka tukunya ta dawo. Masu lambu suka taru a bakin baraji. Kawu ya gargaɗe su kada kowa ya taɓa ƙofar sai ya fito. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙa wa Fa'izu ɗaya bakin tare da wani dattijo.

"Ni, Kawu? Bayan abin da na yi?"

"Kai fa. Riƙe da kyau."

Kawu ya nutse. Kumfa kawai ke tasowa. Fa'izu ya ƙura mata ido. Can sai ga Kawu ya ɓullo, ya ce ya ɗaure gungumen da wata igiya, a ja. Maza suka ja gungumen har tudu. Aka murɗa ƙofa, ruwa ya kwararo cikin magudana. Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta bi ruwan da sauri har lambunta, tana ta hamdala.

Jama'a suka watse, Kawu bai cire kayansa ba. Ya nuna wa Fa'izu agogon.

"Akwai saura. Za ka gwada?"

Fa'izu ya dubi ruwan. "Kawu, tsoro nike ji."

"Madalla, yanzu ka yi magana. Ni ma ranar farko na ji tsoro. Tambayi duk abin da kake so."

Fa'izu ya yi ta tambaya. In ruwa ya shiga gilashi fa? In tiyo ya suɓuce fa? Kawu ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa da hannu. Sannan suka sunkuya tare a wurin da ba zurfi.

Fa'izu ya ja numfashi. Iska ta shigo, sanyi ƙalau. Ya sake ja. Ya buɗe ido, ya ga ciyawar ruwa na rausaya, ga 'yan ƙananan karfasa sun tsaya suna kallonsa. Ɗaya ta matso har kusa da hancinsa. Ya ƙanƙame hannun Kawu, wannan karon don murna.

Da suka taso, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kawu, ashe ana numfashi cikin ruwa!"

Kawu ya yi dariya, ya shafa kansa. "Ana yi, in ka yarda da wanda ke riƙe da kai. Ka ga abin da zato ya ci mana, fangali guda na Innarka. Daga yau, in abu ya shige maka duhu, kak ka ɓoye, kak ka yi bincike a ɓoye. Buɗe baki ka tambaya. Matambayi ba shi ɓata."

"Na ji, Kawu," in ji Fa'izu. Ya ɗauki gilashin, ya ruga lambu ya gaya wa Inna abin da ya gani.