Sunan da Hamsatu Ta Ƙi Karantawa

Saura minti uku a fara labaran ƙarfe bakwai Hamsatu ta ga sunan a takardar da za ta karanta.

Arɗo Dalhatu na Gwashi. Mahaifin Manu, wanda take so kamar ranta.

"Balaraba, wa ya sa sunan ga cikin labarin rigakafin shanu?"

Balaraba 'yar Anka, mai buga labarai a tafireta, ta taɓe baki. Ta daɗe tana harin kujerar Hamsatu, Manun ma ba ta ƙi ba.

"Aikinki karatu na. Ki karanta."

Shekarar 1983 ce, ciwon bushiya yana ta kashe shanu. Hamsatu 'yar Gummi tana cikin matan farko da suka fara karanta labarai a talabijin a Sakkwato, kuma abin da ya tsayar da aurenta ke nan. Arɗo ya ce macen da ke kallon maza cikin ido ba ta da kunyar zama gidan Fulani. Da ƙyar Manu ya lallashe shi ya zo ɗakin kallo na Bukkuyum yau, ya gani da idonsa. A gidan su Manu kuwa suruka ba ta kama sunan uban miji, ko da wuƙa a wuya.

Jar fitilar kyamara ta kama.

Ta karanta labari biyu. Ta iso na uku.

"Za a yi rigakafin a rugar..."

Ta tsaya. Mai kyamara yana ta kaɗa mata hannu. Sai ta sunkuyar da kai, abin da aka hana su tun ranar farko.

"...a rugar Baffa, Arɗon Gwashi."

Aka dakatar da ita mako biyu, ta koma Gummi. Kwana uku ta kasa zama wuri ɗaya, duk ƙarar babur sai ta leƙa zaure.

"Ki zamna, kin ishe ni da sintiri," in ji Inna, mahaifiyarta.

Rana ta huɗu sai ga Manu.

"Hamsatuna..."

"Hwaɗa min kawai. Ya gani?"

"Ya gani. Kina sunkuyawa yat tashi yaf fita."

Hawaye suka zubo mata.

"Shi ke nan, na rasa ka..."

"Tsaya, masoyiya. Na bi shi waje nac ce, Baffa, mi ya hwaru? Yac ce, 'Kai ba ka da hankali? In zamna in zura ma surukata ido?'"

Ta dafa bango.

"Surukatai... haka yac ce?"

"Ran Juma'a za a kawo goro. Yac ce kuma ki koma aikinki."

Shekara tara ta yi tana karanta labaran bakwai. Duk ranar kasuwar Bukkuyum Arɗo kan zo ɗakin kallo, ya shimfiɗa buzunsa a waje, ya juya wa taga baya, ya saurare ta har ta yi sallama. Bai sake kallon fuskarta a akwatin ba.